Fanny Crosby, Makauniya Mai Waƙoƙin Murna

An haifi Fanny Crosby ran 24 ga watan Maris, 1820, a wani ƙauye na ƙasar Amurka, arewa da babban birnin Niyok. Iyayenta talakawa ne, manoma. Tana da mako 6 a duniya sai idanunta suka kumbura. Aka kira wani mutum ya ɗaura mata magani mai zafi. Kumburin ya sauka, amma yarinyar ba ta gani. Waɗansu likitoci na yanzu suna tsammani da makantar aka haife ta. Ko yaya ne dai, 'yan'uwa, idon jariri ba wurin gwajin magani ba ne, a kai shi likita.

Kafin shekarar ta ƙare sai ubanta ya rasu. Uwarta, Mercy, ta shiga aikatau a gidajen mutane domin su sami abinci. Reno ya koma hannun kakarta, Eunice.

Tsohuwar nan ba ta zaunar da jikarta a bakin zaure tana jin tausayinta ba. Takan kama hannunta su fita. Ta sa mata ganye a tafin hannu, ta faɗa mata sunan itacen. In tsuntsu ya yi kuka ta faɗa mata sunansa da kamanninsa. Da dare kuma ta karanta mata Littafi Mai Tsarki, su yi addu'a tare. Da suka ƙaura, matar da suka zauna a gidanta ta ɗora a kan aikin, tana sa yarinyar haddace sura 5 kowane mako. Kafin Fanny ta cika shekara 15, littattafai 5 na Musa suna cikin kanta, da Linjila 4, da Karin Magana, da Zabura masu yawa. Kamar manomi ne da ya cika rumbunsa tun da kaka. Daga rumbun nan ta yi ta ɗiba har tsufanta. Tana da shekara 8 ta tsara waƙarta ta fari, a kan cewa ta ƙudura za ta zauna da farin ciki ko da ba ta gani.

A 1835 ta shiga makarantar makafi ta Niyok. Ta koyi kaɗa molo irin nasu da garaya da piyano, daga baya ta zama malama a wurin. A 1849 ciwon amai da zawo ya faɗa wa birnin. Mutane suka yi ta gudu zuwa ƙauyuka, ita kuwa ta tsaya tana jinyar 'yan makaranta. Waɗansunsu suka mutu. Abin ya girgiza ta ƙwarai, har ta fara tambayar kanta ko a shirye take ta sadu da Ubangiji. Ga Littafin duk a kanta, amma salama ba ta zauna a zuciyarta ba tukuna. Sai a watan Nuwamba, 1850, cikin wani taron farkawa, ta ba da kanta ga Yesu ɗungum.

A 1858 ta auri Alexander van Alstyne, shi ma makaho, gwanin kiɗa. Shekara ta kewayo suka haifi ɗiya. Ba a daɗe ba jaririyar ta mutu cikin barci. Ba su ƙara samun haihuwa ba. Matar da ta iya tsara waƙa a kan kome, wannan magana ɗaya da wuya ta taɓa ta har ƙarshen ranta. Iyaye mata da suka binne ɗan goye sun san irin shirun nan. Zaman auren ma ya yi sanyi a hankali. Daga wajen 1880 yawanci ba gida ɗaya suke kwana ba, ko da yake ba su rabu ba, suna kuwa ganin girman juna har ya rasu a 1902. Kada fa mu ɗauka murnarta ta wadda duniya ta yi wa daɗi ce.

A 1864 ta fara tsara waƙoƙin sujada. Ba ta iya rubutu da hannu sosai ba. A kanta take shirya waƙa, ta gyara ta, ta ajiye, sa'an nan ta faɗa wani ya rubuta. Wata rana a 1868 abokin aikinta, William Doane, ya shigo da sauri da sabon kiɗa, ga shi yana da jirgin ƙasa da zai kama kafin awa guda. Ya kaɗa mata, ta saurara, kafin ya tashi ta ba shi waƙa a kan hutawa cikin hannuwan Yesu. Waƙar nan ta ta'azantar da iyaye da yawa a bakin kabarin 'ya'yansu. Duka duka ta tsara waƙoƙi fiye da 8,000. Suka yi yawa har masu buga littattafai suka riƙa sa mata waɗansu sunaye, kada a ga sunan mutum ɗaya ya cika littafi.

Ladanta fa? Dala 1 ko 2 kowace waƙa. Dalar Amurka ce, ba irin dalarmu ta nan ba, amma duk da haka kaɗan ne, gama littattafan sun sayu dubbai bisa dubbai. Ba ta tara ba. Ɗakin haya take zama a unguwar matalauta, abin da ya ragu bayan abinci da kuɗin ɗaki sai ta bayar. Da maraice a kama hannunta a kai ta gidajen da ake tara mashaya da marasa wurin kwana. Takan zauna kusa da su, ta tambayi sunansu da labarin uwayensu. Ba ta yi musu faɗa, har da ba'a take yi da su. A ganina wannan aiki bai gaza waƙoƙin daraja ba.

Tsufa ya zo da nasa. Uwarta ta rasu a 1890. A 1900, bayan rashin lafiya, ta koma garin Bridgeport wurin ƙannenta mata. Ƙanwar da take yi mata karatu da rubutu ta riga ta tafiya a 1907. Tsohon abokinta Ira Sankey, wanda ya yi ta rera waƙoƙinta a manyan tarurruka a Amurka da Ingila, shi ma ya makance a ƙarshen ransa. Sai ga tsohuwar da ta fi shi sanin duhu tana zuwa gaishe shi, su zauna su rera waƙa tare.

Ta rasu ran 12 ga watan Fabrairu, 1915, tana da shekara 94. Abu na ƙarshe da ta sa aka rubuta mata shi ne ta'aziyya zuwa ga waɗansu da ɗiyarsu ta mutu. Aka kafa ɗan ƙaramin dutse a kan kabarinta, da sunan da kowa yake kiranta da shi, wato Gwaggo Fanny, da kuma maganar da Yesu ya faɗa a kan matar da ta zuba masa turare a Betanya, cikin Markus 14:8.