Wiliyam Makinli, Shugaban Amurka: Mutuwarsa da Abin da Ya Bari

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa tambayar zuciyarka, ko ka tambayi wanda ya riga ka shiga hanyar Almasihu, ko da gaske ɗan Adam ya iya so wa maƙiyinsa alheri. Umurnin nan yana da sauƙin ji a majami'a ran Lahadi, amma ba ka sanin nauyinsa sai ranar da aka cuce ka. Ga labarin wani mutum wanda aka gwada shi da wannan umurni a gaban taron jama'a, harsashi kuwa yana cikin cikinsa.

Sunansa Wiliyam Makinli. An haife shi ran 29 ga Janairu, 1843, a wani ƙaramin gari na jihar Ohayo a ƙasar Amurka, shi ne na 7 cikin 'ya'ya 9. Ubansa mai aikin narkar da ƙarfe ne. Uwarsa Nansi mace ce mai ibada cikin ikilisiyar Metodis, burinta kuwa ɗanta ya zama mai wa'azi. Bai zama ba, amma ya shiga ikilisiya yana da shekara 16, bai kuwa rabu da ita ba har ransa ya fita. Sa'ad da yaƙin basasa ya tashi a 1861 ya shiga soja. A ranar yaƙin Antitam, 17 ga Satumba, 1862, shi ne sajen abinci, wurin aikinsa kuwa can baya ne, nesa da wuta. Amma da ya ga 'yan'uwansa sun wuni ba su sa kome a baki ba, sai ya ɗora dafaffen abinci da gahawa mai zafi a keken alfadarai, ya kora shi cikin harbi har ya kai musu. Bayan yaƙi ya zama lauya a garin Kanton.

A can ne ya auri Aida Sakston a 1871, a nan kuwa ya kamata ka dakata ka lura, gama wannan gida shi ne makarantar da ta koya masa abin da ya yi a ƙarshe. Allah ya ba su 'ya'ya mata 2. Ƙaramar ta mutu a 1873 tana jaririya, a shekarar da uwar Aida ta rasu. Babbar, Katarina, ta bi ta a 1875, ba ta cika shekara 4 ba. Ba su ƙara samun haihuwa ba. Baƙin ciki ya karya Aida, ciwon farfaɗiya kuma ya kama ta, bai sake ta ba dukan kwanakin mijinta. Ka san yadda maza da yawa su ke yi da irin wannan mace: wani ya sallame ta, wani ya ɓoye ta a ƙuryar ɗaki domin kunyar mutane. Makinli ya riƙe ta shekara 28 cikin wannan hali. Sa'ad da ya ke gwamnan Ohayo, kowace rana da ƙarfe 3 ya kan bar aiki ya tsaya a taga ya ɗaga mata adiko, ita kuwa tana duban sa daga masauƙinsu a ƙetaren hanya. Da ya zama shugaban ƙasa a 1897, al'adar fada ita ce matar shugaba ta zauna nesa da shi wurin cin abinci da manyan baƙi. Ya ƙi wannan al'ada, ya zaunar da ita kusa da shi. Idan ciwon ya taso mata a gaban baƙi, sai ya shimfiɗa adiko a fuskarta a hankali domin kada a ga yadda ta sāke, ya ci gaba da zance, in ya wuce ya ɗauke adikon, ba wanda ya ce uffan.

Amma kada ka zaci waliyyi na ke nuna maka. A 1898 ƙasarsa ta yi yaƙi da Sifen, ta ci nasara, ta karɓi tsibiran Filifin a kan dala miliyan 20, ba a kuwa tambayi mutanen tsibiran ba. Wani da ya ziyarce shi ya ba da labari daga baya cewa Makinli ya ce ya durƙusa ya roƙi Allah ja-gora, har ya ga wajibi ne a riƙe tsibiran domin a ilimantar da mutanensu, a kai musu Bishara. Alhali kuwa yawancinsu sun yi fiye da shekara 300 suna kiran sunan Almasihu. Suka tashi neman 'yancinsu a 1899, aka yi yaƙi mai zafi, ana ƙiyasta talakawan da suka hallaka ta wurin yaƙi da yunwa da annoba sun kai 200,000. Har wa yau a 1898, a garin Wilminton, fararen fata suka tumɓuke hukumar gari da ƙarfin bindiga, suka karkashe baƙaƙen fata. Waɗanda aka zalunta suka kai kukansu ga shugaba, shi kuwa ya yi shiru. A ganina taushin halin nan da ya sa shi haƙuri a gida, shi ne ya sa ya ji nauyin tsauta wa masu ƙarfi a waje. Mutum ya iya yin addu'a da gaske, ya tashi kuma ya ɗauki muradin zamaninsa ya ce amsar Allah ce.

Aka sāke zaɓensa a 1900. A watan Satumba na 1901 ya tafi birnin Bafalo, inda a ke babban baje kolin ƙasashen nahiyar Amurka. Aka shirya ran 6 ga wata zai tsaya a wani babban zaure ya gaisa da jama'a hannu da hannu. Sakatarensa ya ji tsoro, har sau 2 ya cire wannan daga cikin shiri, shugaba ya sa aka mayar, gama bai ga dalilin da wani zai so cutarsa ba. Da la'asar, bayan ƙarfe 4 kaɗan, wani saurayi mai shekara 28, Liyon Colgosh, ya iso gabansa cikin layi, hannunsa na dama a naɗe da adiko kamar mai rauni. Shi yana cikin masu koyarwar cewa kada a yi hukuma ko mai mulki a duniya. Makinli ya miƙa masa hannu, shi kuwa ya harbe shi sau 2 da ƙaramar bindigar da ke ɓoye cikin adikon. Harsashi ɗaya ya goge shi kawai, ɗayan ya huda tumbinsa. Mutumin da ke bayan maharbin a layi, Jems Parka, baƙar fata ne, shi ne ya kai masa naushi kafin ya yi harbi na uku. Sojoji da 'yan sanda suka faɗa masa da duka.

To, ka duba abin da ya fito daga bakin shugaba a wannan sa'a, sa'ar da mutum ba shi da zarafin shirya magana. Aka zaunar da shi a kujera, jini yana ɓata farar rigarsa. Da ya ga ana dukan saurayin, ya ce kada a bari a ji masa ciwo. Sa'an nan ya juya ga sakatarensa ya roƙe shi a yi hankali ƙwarai wurin gaya wa matarsa. Maƙiyinsa da matarsa, su ne ya tuna da su. Idan ka karanta labarin Istifanas cikin Ayyukan Manzanni, za ka gane inda ya koyi na farin; na biyun kuwa ya yi shekara 28 yana koyonsa kowace safiya.

Aka kai shi ƙaramin asibitin da ke filin baje kolin. Sa'ad da a ke shaƙa masa maganin barci, aka ji yana karanta Addu'ar Ubangiji a hankali. Likitoci suka ɗinke tumbin cikin ƙarancin haske, amma ba su sami harsashin ba. Akwai sabuwar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki a wurin baje kolin, ba a kuwa yi aiki da ita ba. Kwanaki kaɗan ya yi kamar zai warke, har mataimakinsa Tiyodo Rusbelt ya tafi hutu kan duwatsu. Ashe naman da ke kan hanyar harsashin yana ruɓewa a ciki, a zamanin kuwa ba a sami magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tukuna. Ran 13 ga wata jikinsa ya rikice. Shi da kansa ya gaya wa likitoci wahalarsu ta ƙare, lokacin addu'a ne. Aka kawo Aida, ya rungume ta, ya yi ban kwana da waɗanda ke wurin, ya ce wannan hanyar Allah ce, nufinsa kuma shi za a yi. Ta yi kuka ta ce tana so ta tafi tare da shi, ya amsa mata cewa dukanmu masu tafiya ne. Aka ji yana raɗa kalmomin wata waƙar yabo da ya ke so, mai zancen kusantar Allah. Ya cika da ƙarfe 2 da minti 15 na dare, wayewar 14 ga Satumba, 1901, yana da shekara 58. Shi ne shugaba na 3 da aka kashe a ƙasar, bayan Linkon a 1865 da Garfil a 1881.

Ka lura, roƙonsa shi ne kada taro ya ɗauki fansa da hannunsa. Bai ce a rufe kotu ba, gama gafarar zuciya dabam, aikin alƙali dabam. Aka fara shari'ar Colgosh ran 23 ga Satumba, kashegari aka same shi da laifi, aka kashe shi da kujerar lantarki ran 29 ga Oktoba. Amma fushin jama'a ya wuce nan: aka yi ta kamawa da tsananta wa waɗanda a ke zato ra'ayinsu ɗaya da shi, aka kuma zuba wa gawarsa ruwan guba mai cinye nama a cikin kabari. Wannan ba abin da mamacin ya roƙa ba ne.

Ran jana'izarsa, 19 ga Satumba, jiragen ƙasa da wayoyin tangaraho suka tsaya cik minti 5 a wurare da yawa na ƙasar. Rusbelt, mai shekara 42, ya gaje shi, sunansa kuwa ya rufe na Makinli. Daga 1902 aka sa masu tsaro na musamman su riƙa bin shugaba dare da rana, a 1903 kuma aka yi dokar hana masu ƙin hukuma shiga ƙasar. Dutse mafi tsawo a Amurka ta Arewa, a Alaska, hukuma ta tabbatar masa da sunan Makinli a 1917. Aka mayar masa da sunan da 'yan ƙasa ke kiransa, wato Denali, a 2015. Aka sāke sa masa Makinli a 2025.

Aida ta koma gidansu na Kanton, ƙanwarta tana lura da ita. Kusan kowace rana a kan kai ta wurin da aka ajiye gawar mijinta. Ta rasu ran 26 ga Mayu, 1907. Bayan wata 4 aka buɗe babban kabarin da jama'a suka gina da gudummawarsu, har da ta 'yan makaranta, a kan wani tudu a Kanton, aka kwantar da su biyu a ciki, tare da 'ya'yansu mata 2.