Alois Alzheimer: Likitan da ya gano sawun cutar mantuwa a ƙwaƙwalwa

An haifi Alois Alzheimer ranar 14 ga Yuni, 1864 a garin Marktbreit na ƙasar Jamus. Ya karanci likitanci a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg. A 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt, inda ya yi aiki tare da Franz Nissl, gwanin rina ƙwayoyin ƙwaƙwalwa domin su fito sarai a madubin bincike.

A Nuwamban 1901 aka kwantar da wata mata, Auguste Deter, mai shekara 51. Mantuwa ta yi mata katutu, kalmomi na kuɓuce mata, ga zargin mijinta ba gaira ba dalili. Likitocin zamanin kan danganta irin wannan da ruɗin tsufa, alhali ita tsufa bai cim mata ba. Alzheimer ya riƙa zama da ita, yana tambaya yana rubuta amsoshinta dalla-dalla.

Ko da ya koma Munich a 1903 wajen Emil Kraepelin, bai daina bibiyar jikinta ba. Da ta rasu a Afrilun 1906 aka aika masa ƙwaƙwalwarta. Ya tarar ta tsuke, wasu dunƙule-dunƙule sun taru a tsakanin ƙwayoyinta, wasu zaruruwa kuma sun harɗe a cikinsu. Ya gabatar da sakamakon a taron likitoci a Tübingen cikin Nuwamban shekarar, amma mahalarta ba su ba shi muhimmanci ba. Sai a 1910 Kraepelin ya raɗa wa cutar sunansa a littafinsa na koyarwa.

Ya zama farfesa a Breslau a 1912, ya kuma rasu ranar 19 ga Disamba, 1915 yana da shekara 51.

Abubuwa biyun da ya gani a gawa, waɗanda yanzu aka sani da amiloyid da tau, su ne likitoci ke nema a jikin mai rai, ta hoton ƙwaƙwalwa ko ruwan laka ko jini. Ba duk mai ƙaramar mantuwa ke kaiwa ga gushewar tunani ba. Wasu kan tsaya nan, wasu ma su farfaɗo. Sanin wanda ke kan hanyar cutar tun da wuri shi ke ba iyali damar shiri, kuma daga rubuce-rubucen Alzheimer aka ɗauko zaren.