Niels Finsen, majinyacin da ya yi magani da haske

Watan jiya na raka yayata wani asibiti a nan Kumasi, gwajin sankarar bakin mahaifa. Da ta fito na tambaye ta yadda aka yi, sai ta ce ai ba komai ba ne, ruwan tsami nas ta shafa, ta haska fitila ta duba. Inda ƙwayar cutar HPV ta fara ɓata nama yakan yi fari. A hanyarmu ta komawa zango na yi ta tunanin wani likita da na taɓa karanta tarihinsa, Niels Finsen.

An haife shi a 1860 a tsibiran Faro, can arewacin Turai, inda rana ke wuyar gani lokacin hunturu. A makarantar da aka fara kai shi a Denmak an ɗauke shi yaro mai kirki amma marar kuzari, har aka mayar da shi Aisland. Ya gama karatun likita a Kopenhagen a 1890. Tun yana ɗalibi wani ciwo ya kama shi, ya taɓa zuciya da hanta, ruwa yana taruwa masa a ciki. Ɗakinsa ba ya samun rana, shi kuwa ya lura duk lokacin da ya sha hantsi jikinsa yakan yi sauƙi. Daga nan binciken ya samo asali.

Aikin da ya fito da sunansa shi ne na tarin fuka na fata. Wannan cuta ce mai cin fuska a hankali, ta cinye hanci, ta cinye leɓe, mutum ya koma ɓoye kansa a ɗaka. Duk wanda ya ga yadda ake gudun kutare a garuruwanmu zai gane. A 1895 Finsen ya gwada fitilar lantarki mai tsananin ƙarfi a kan wani injiniya da ya yi shekaru yana fama, cikin 'yan watanni kuwa gyambon ya warke. A 1896 aka buɗe masa cibiya. Hasken yana bi ta gilasai na musamman da ruwa mai sanyaya shi don kada ya ƙona fata. Nas za ta danna gilashi a kan gyambon don jini ya kauce haske ya shiga, ta riƙe kamar awa guda, gobe a sake, wata da watanni. Ni dai waɗannan mata sun fi ba ni mamaki, kuma ba kasafai ake ambatonsu ba.

Shi fa bai san HPV ba, sai bayan rasuwarsa da shekaru masu yawa aka gano alaƙarta da sankara. Amma wani bincike da aka yi a Denmak a 2005 ya nuna cewa mai yiwuwa fitilarsa ta yi aiki ne saboda wani sinadari mai amsa haske da ke cikin ƙwayar tarin fuka. Irin wannan sinadarin ake sa naman da ya kamu da HPV ya tara a yau: a shafa magani, a jira awanni, shuɗin haske ya nuna wurin, jan haske ya kashe shi.

A 1903 aka ba shi kyautar Nobel. Bai iya zuwa karɓa ba, yana kan keken marasa lafiya, ya rage gishiri da ruwa don cikinsa ya daina kumbura. Kaso mai tsoka na kuɗin ya ba cibiyarsa da wani gidan jinyar masu ciwon zuciya da hanta. Ya rasu a Satumbar 1904, yana da shekara 43.

Yayata kuwa, alhamdu lillahi, ba a ga komai ba. An ce ta dawo bayan shekara uku.