Colin Chapman: Injiniyan da ya sayar wa Turawan Ingila mota gunduwa-gunduwa

A 1948 wani ɗalibin injiniya mai shekara 20 ya shiga garejin iyayen budurwarsa a arewacin Landan da wata tsohuwar Austin 7 ƙirar 1930. Ya cire gangar jikinta, ya ƙarfafa ƙashin da ke ƙasa, ya ɗora mata sabon jiki marar nauyi na katako da alminiyam. Sunansa Colin Chapman, motar kuma ita ce Lotus ta farko.

An haife shi ranar 19 ga Mayu, 1928. Mahaifinsa na gudanar da wani otel kusa da tashar jirgin ƙasa ta Hornsey, kuma a tsohuwar bargar dawakin da ke bayan otel ɗin aka kafa kamfanin Lotus a 1952, da bashin fam 25 daga Hazel Williams, wadda daga baya ta zama matarsa. Ilimin da ya samo a jami'a da ɗan zaman da ya yi a rundunar sojan sama suka bar masa aƙida guda: a rage wa mota nauyi ya fi a ƙara mata ƙarfin inji, domin mota marar nauyi ta fi saurin tashi, ta fi jin birki, ta fi kama kwana.

Motar da ta fara kawo kuɗi ita ce Mark VI. Chapman na sayar da ƙashin mota na siraran bututun ƙarfe da aka haɗa da walda, da fallayen jiki. Mai saye kuma ya nemo inji da giya, yawanci daga ƙananan motocin Ford, ya ɗaure su da hannunsa a gida. A 1957 ta haifi Lotus Seven, mai kujera biyu, ba ƙofa, ba rufin kirki.

Dalilin sayar da ita a wargaje haraji ne. A Birtaniyar bayan yaƙin duniya na biyu, gwamnati na ɗora harajin saye mai nauyi a kan sabuwar mota, amma ba ta karɓarsa a kan kayan da mutum zai haɗa da kansa. Dokar ta hana kamfani raka kayan da littafin koyar da haɗawa. Masana tarihin Lotus na ba da labarin cewa Chapman ya bi ta bayan gida: sai ya buga littafin da ke koyar da yadda ake kwance motar, mai saye ya karanta daga ƙarshe zuwa farko. Wannan wayo na neman ɓarakar da ke jikin doka ya bi shi har kabari.

A 1973 Birtaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai, harajin VAT ya maye gurbin na saye, rangwamen ya kau. Chapman ya sayar wa dillalinsa, kamfanin Caterham, haƙƙin ƙera Seven, kuma har yau ana sayar da ita ko a haɗe ko a wargaje. A 1996 Ron Champion ya wallafa littafin da ke nuna yadda mutum zai ƙera irinta da kayan tsohuwar Ford Escort a kan fam 250, abin da ya jawo mutane da dama suka mai da garejinsu maƙera. Sai dai zamanin sakaci ya wuce: wanda ya haɗa mota a gida a Birtaniya sai ya kai ta gwajin hukuma, inda ake duba birki, fitilu, bel, hayaƙi da duk wani gefe mai kaifi, kafin a ba shi lambar hawa titi.

A fagen tsere kuwa, ƙungiyar Lotus ta lashe kambun kamfanoni na Formula One sau bakwai da na direbobi sau shida tsakanin 1963 da 1978. Nasarar ta zo da gawawwaki. Jim Clark ya mutu a Jamus a 1968, Jochen Rindt a Monza ta Italiya a 1970, Ronnie Peterson bayan haɗari a filin guda a 1978. Ba kowane haɗari ne za a ɗora wa ƙirar mota ba, amma direbobi sun sha kukan cewa ana rage nauyi har a taɓa lafiyarsu.

Abin da ya ɓata sunansa kuɗin gwamnati ne. A 1978 gwamnatin Birtaniya ta amince ta zuba miliyoyin fam a masana'antar motar Ba'amurke John DeLorean da ke Dunmurry kusa da Belfast, don samar da aikin yi a yankin da rikici ya ɗaiɗaita. Lotus ta karɓi aikin injiniya. Kimanin dala miliyan 17 da aka ware don aikin suka bi ta wani kamfani mai suna GPD, mai rajista a Panama da adireshi a Geneva, suka yi ɓatan dabo. Masana'antar ta durƙushe a 1982, ma'aikata suka rasa abin yi.

Chapman ya mutu sakamakon bugun zuciya ranar 16 ga Disamba, 1982, yana da shekara 54, kafin bincike ya kai gare shi. Shekara goma bayan haka, tsohon mai kula da kuɗin Lotus, Fred Bushell, ya amsa laifin haɗa baki wajen zamba a gaban kotu a Belfast, aka ɗaure shi shekara uku. Alƙalin ya nuna cewa da Chapman na tsaye a gabansa, da hukuncinsa ya kai shekara goma.