TARIHIN ILIYA MECHNIKOV, MUTUMIN DA YA GANO SOJOJIN CIKIN JINI

Idan ƙaya ta soki mutum a ƙafa, wurin yakan kumbura, ya yi zafi, wani lokaci har ya tara mugunya. Wannan alama ce ta yaƙi tsakanin jiki da ƙwayoyin cuta. Mutumin da ya bayyana wa duniya yadda wannan yaƙi yake shi ne Iliya Mechnikov.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi ranar 15 ga Mayu, 1845, a wani ƙauye kusa da birnin Kharkiv. A lokacin yankin yana ƙarƙashin daular Rasha, amma yanzu yana cikin ƙasar Yukren. Tun yana yaro yake son kallon tsirrai da ƙwari. Da ya shiga Jami'ar Kharkiv, sai ya gama karatun shekara huɗu a cikin shekara biyu kacal. Daga baya ya zama malamin ilimin dabbobi a jami'ar birnin Odessa.

Rayuwarsa ba ta rasa jarrabawa ba. Matarsa ta fari, Ludmila, ta rasu a 1873 saboda tarin fuka. Ta biyu, Olga, ta kamu da zazzaɓin taifot a 1880, amma ta warke.

Gwajin ƙaya

A 1882 ya ajiye aikin jami'a, ya koma Messina a ƙasar Italiya. A can yake duba 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro. Jikinsu garau yake kamar ruwa, ana iya ganin cikinsa da madubin likita. Sai ya lura da wasu ƙwayoyi suna yawo a ciki. Ya yi tunanin ko su ne masu gadin jiki.

Don ya tabbatar, ya samo ƙananan ƙayoyi daga lambu ya soka musu. Washegari da safe ya tarar ƙwayoyin nan sun yi wa ƙayoyin zobe. An sa musu suna fagosayit, wato ƙwayoyi masu cinyewa. A jikinmu, wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jini ne suke wannan aiki. Suna haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita. Mugunya kuwa yawancinta gawarwakinsu ne bayan an gama yaƙi.

Adawa da nasara

Masana da yawa, musamman na Jamus, ba su yarda da shi ba. Su a ganinsu ruwan jini ne yake kashe cuta. Amma bai karaya ba. A 1888 Louis Pasteur ya ba shi ɗakin bincike a cibiyarsa da ke Paris, ya ci gaba da kawo hujjoji. Daga ƙarshe aka gane cewa kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. A 1908 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Bajamushe Paul Ehrlich.

Ya kuma yi imani cewa nono mai tsami yana gyara ciki, har ya riƙa shan sa kullum. Ashe kindirmonmu ba abin rainawa ba ne! Ya rasu a Paris ranar 15 ga Yuli, 1916, yana da shekara 71.

Abin da ya biyo baya

A jawabinsa na Nobel ya ambaci cewa wasu likitocin tiyata suna sa wa marasa lafiya sinadari dangin DNA don ya jawo fagosayit. Amma yaya jiki yake jin wannan sinadari? Sai bayan fiye da shekara 100 aka samu babbar amsa.

DNA ita ce rubutun gado da ke cikin ƙwayar halitta, kuma tana da ɗakinta a tsakiya. Idan ta ɓulla a wajen ɗakin, to ko cuta ta shigo ko ƙwayar ta lalace. A 2013 Zhijian Chen da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wani mai gadi mai suna cGAS. Da ya kama irin wannan DNA sai ya tayar da wani mai suna STING, jiki ya shiga shirin yaƙi. An samu irin wannan tsari har a jikin bakteriya, wato daɗaɗɗe ne ƙwarai. Idan kuma mai gadin ya yi kuskure, ya ɗauki DNA ɗin mutum a matsayin ta maƙiyi, jiki yakan yaƙi kansa.

Darasi gare mu

A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke nan titin Zariya, kullum ana ƙirga fararen ƙwayoyin jinin marasa lafiya. Aikin Mechnikov yana cikin abin da ya sa aka san darajarsu. 'Yan uwana ɗalibai, da ƙaya da madubi da haƙuri ya fara. Mu riƙa lura, mu riƙa tambayar malamanmu, mu daina gudun darasin kimiyya.

Daga ɗalibar aji biyu na ƙaramar sakandare,
Ƙungiyar 'Yan Jarida