Ian Donald: Likitan da ya fara duba ɗan tayi da amsa-kuwwar sauti

Idan mace mai juna biyu ta taso daga Lafani, a ƙaramar hukumar Illela, ta nufi asibiti a Sakkwato domin a yi mata hoton ciki, abin da ke ranta bai wuce uku ba: ko ɗan yana da rai, ko kwanciyarsa daidai take, ko kuwa tagwaye ne. Kafin shekarun 1950, likita ba shi da abin amsa waɗannan tambayoyi sai lalube da hannu da saurare, ko hoton ƙashi, wanda ke da haɗari ga ɗan tayi. Mutumin da ya sauya wannan al'amari shi ne Farfesa Ian Donald.

An haife shi ranar 27 ga Disamba, 1910, a garin Liskeard na ƙasar Ingila, mahaifinsa kuwa likita ne. Yana yaro iyalinsu suka koma Afirka ta Kudu, inda iyayensa biyu suka rasu tun bai kai shekara ashirin ba. Ya yi digirin farko a Jami'ar Cape Town, sannan ya koma Landan ya karanta aikin likita a asibitin St Thomas, ya kammala a 1937.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin likita a rundunar sojan sama ta Birtaniya, har aka ba shi lambar yabo saboda ceto sojoji daga jirgin da ya kama da wuta. A can ne ya ga yadda ake gano jiragen ƙarƙashin teku: a aika sauti cikin ruwa, a jira amsa-kuwwarsa, a lissafa nisan abin da ya mayar da shi. Wannan ilimi ya zauna masa a rai.

A 1954 aka naɗa shi farfesan ilimin haihuwa a Jami'ar Glasgow. Birnin ya shahara da ƙera jiragen ruwa, kuma masana'antunsa na da wata na'ura mai amfani da sautin da kunne ba ya ji wajen gano tsaga a cikin waldar ƙarfe. Ranar 21 ga Yuli, 1955, Donald ya loda ƙarin mahaifa da jakunkunan ruwa da aka ciro daga marasa lafiya a bayan mota, ya kai su masana'antar Babcock & Wilcox da ke Renfrew. Da aka ɗora musu na'urar, sai ya ga ƙari mai tauri da jaka mai ruwa kowanne da irin amsar da yake bayarwa.

Daga nan ya haɗa gwiwa da wani matashin injiniya, Tom Brown, da likita John MacVicar. Da farko abokan aiki sun yi musu dariya, domin hotunan dishi-dishi ne. Abin da ya rufe bakin masu shakka shi ne wata mata da aka yanke cewa ciwon daji ne ya kumbura mata ciki, kuma ba ta da sauran magani. Na'urar ta nuna katuwar jakar ruwa ce. Aka yi mata tiyata, ta warke. Ranar 7 ga Yuni, 1958, mujallar likitoci ta The Lancet ta buga sakamakon bincikensu, wanda ake ɗauka a matsayin tushen hoton ciki na zamani. Ba a daɗe ba suka fara auna faɗin kan ɗan tayi domin sanin girmansa.

Wata matsala a wannan fanni ita ce rarrabe amsa-kuwwa ta gaskiya da hayaniyar da fata da kitse ke mayarwa. Kimanin shekara goma bayan rasuwarsa aka samu babban ci gaba a kan haka. Masana sun lura cewa sauti ba ya ratsa naman jiki yadda ya shiga. Yana ɗan jirkicewa a hanya, ya haifar da wani amo wanda kaɗawarsa ta ninka ta asali. Idan na'ura ta aika sauti mai kaɗawa sau miliyan 2 a daƙiƙa, za a ji wani mai miliyan 4 ya dawo tare da shi. Da yake a can cikin jiki ake haifar wannan amo na biyu, bai cika ɗauko hayaniyar fata ba.

Domin a tace shi, sai na'urar ta aika bugu biyu a jere ta hanya ɗaya, na biyun kishiyar na farko: inda wancan ya matsa, wannan ya saki. Idan aka haɗa amsoshinsu, sautin asali ya kashe juna, amo na biyu kuma ya ninku, kamar yadda ɗan kasuwa ke cire uwar kuɗi daga ciniki ya ga ribarsa. Wasu na'urorin kan aika bugu uku, ko su bambanta ƙarfinsu. Amfanin shi ne hoto mai tsabta, musamman ga mai jiki, da fitowar gefen jakar ruwa sarai. Sai dai dabarar na rage yawan hotunan da ake samu a daƙiƙa, kuma motsi tsakanin bugu da bugu na iya ɓata lissafin.

Donald ya yi yawancin aikinsa da ciwon zuciya, har sau uku ana yi masa tiyata. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka gina asibitin haihuwa na Queen Mother's a Glasgow, wanda aka buɗe a 1964, kuma ya fito fili ya yi adawa da dokar zubar da ciki ta Birtaniya ta 1967. Ya yi ritaya a 1976, ya rasu ranar 19 ga Yuni, 1987, ya bar mata da 'ya'ya mata huɗu.

A yau, idan hoto ya nuna mabiyiya ta tare bakin mahaifa tun kafin naƙuda, ana iya shirya wa mace haihuwa a inda akwai likitan tiyata da jinin ƙari, maimakon jini ya ɓalle mata a ƙauye da tsakar dare. Ga matan garuruwan kan iyaka irin Lafani, wannan shi ne gadon da Ian Donald ya bari.