Branch Rickey: Mutumin Da Ya Yi Noman 'Yan Wasa

Na san da yawa daga cikinmu ba su taɓa zama sun kalli wasan besbol daga farko har ƙarshe ba. Mu dai ƙwallon ƙafa muka sani. Duk da haka, a wannan fitowar na zaɓi in kawo muku tarihin wani Ba'amurke da ya yi kusan shekara sittin a harkar besbol, sunansa Branch Rickey. Aikinsa shi ne ya dubi yaro ɗan shekara sha takwas, ya yanke hukunci kan abin da yaron zai zama nan da shekara biyar. Mu da muke shirin fita da difloma a hannu, a gaban masu irin wannan aikin za mu tsaya nan da 'yan watanni, don haka ba laifi mu san yadda suke tunani.

Ga wasan a taƙaice. Kowace ƙungiya mutum tara ne a fili. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya doke ta da gora, ya ruga yana bin tashoshi huɗu. In ya zagayo ya dawo inda ya tashi, ƙungiyarsa ta ci maki ɗaya. A bayan mai bugu akwai wani a tsugune yana cafke ƙwallon da ta wuce. Wannan gurbin Rickey ya buga a zamanin samartakarsa.

An haife shi ran 20 ga Disamba, 1881, a karkarar jihar Ohio, a gidan manoma mabiya ɗarikar Methodist masu riƙo da addini. Ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba zai je filin wasa ran Lahadi ba, kuma ya riƙe alkawarin, har ƙungiyar Cincinnati ta sallame shi a 1904 saboda haka. Ya yi karatu a jami'ar Ohio Wesleyan, inda kuma ya horar da ƙungiyar makarantar. A nan ne wani abu ya faru da ya riƙa ba da labarinsa har tsufansa. Sun je wasa garin South Bend, sai otal ya ƙi ba ɗan wasansa Charles Thomas ɗaki saboda baƙar fata ne. Da ƙyar aka yarda a sa masa gado a ɗakin Rickey. Da ya shiga ɗakin, sai ya tarar da saurayin yana kuka yana murza fatar hannunsa kamar mai son goge ta.

A matsayin ɗan wasa, gaskiya Rickey bai taka rawar a zo a gani ba. Ya buga wa St. Louis Browns da New York Highlanders tsakanin 1905 da 1907. Ran 28 ga Yuni, 1907, yana fama da ciwon hannu, 'yan wasan Washington suka saci tasha sau 13 a kan idonsa a wasa ɗaya. Bayan nan tarin fuka ya kwantar da shi. Da ya warke ya karanci lauya a jami'ar Michigan, ya gama a 1911, ya buɗe ofis a jihar Idaho, amma kasuwa ba ta buɗe ba. Sai ya koma besbol, wannan karon ta ɓangaren horarwa da gudanarwa. A 1917 ya koma ƙungiyar St. Louis Cardinals, ya je Faransa aikin soja a yaƙin duniya na ɗaya, ya dawo ya ci gaba.

Gonar 'yan wasa

Cardinals a lokacin talakar ƙungiya ce. Tsarin da ake bi shi ne, ƙananan ƙungiyoyin garuruwa masu zaman kansu su ke renon matasa, sannan su sayar wa babbar ƙungiyar da ta fi taya su da tsada. Rickey yana da ido, amma ba shi da aljihu. Da zarar an ji yana son wani yaro, sai mai ƙaramar ƙungiyar ya tsegunta wa masu kuɗin New York, farashi ya tashi, a bar shi da hamma. A 1919 sai da aka ciwo bashi kafin a sayi mai jifa Jesse Haines a kan dala 10,000.

To, wanda ba zai iya sayen tumatir a kasuwa ba, sai ya yafa irinsa. Rickey ya shawo kan mai ƙungiyar, Sam Breadon, suka fara sayen hannun jari a ƙananan ƙungiyoyin, kamar na Fort Smith da Houston da Syracuse. Yaro ya fara daga matakin ƙasa, in ya nuna kansa a ɗaga shi mataki na gaba, har ya kai St. Louis ba tare da an biya kowa kuɗin saye ba. Su kansu Amurkawa gona suke kiran tsarin. Zuwa 1940 Cardinals na da ƙananan ƙungiyoyi fiye da talatin a ƙarƙashinta, da ɗaruruwan 'yan wasa. Dabararsa ita ce a tara da yawa a kan kuɗi kaɗan, a tankaɗe, a rairaye, masu kyau za su fito.

Me yake dubawa? Abu uku ne a gaba: gudu, ƙarfin hannu wajen jifa, da ƙarfin bugu. Ya fi ba gudu muhimmanci, don yana amfani ko ƙungiya na kai hari ko tana tsaro, kuma ba a koya wa mutum shi. Sauran abubuwa kuwa, yana ganin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa ya cika sansanonin horo da kayan koyo: ramin yashi don koyon zamewa zuwa tasha, zare da aka ɗaure don nuna wa mai jifa inda ƙwallo za ta bi, daga baya har da injin jifa.

Ku dubi labarin Stan Musial. An ɗauke shi a matsayin mai jifa, sai ya ji ciwo a kafaɗa a 1940. A wani wurin da sai a ce masa ya koma gida. Amma a gonar Cardinals an lura yana da bugu, aka sauya masa gurbi. A cikin shekarar 1941 kaɗai ya tashi daga ƙaramin mataki har babbar ƙungiya, kuma ya yi ritaya da bugu 3,630 a tarihinsa.

Ɗaya ƙa'idar tasa ta fi ɗaci. Yana ganin gara a rabu da ɗan wasa shekara ɗaya kafin ya fara sanyi, da a makara da shekara ɗaya. Dizzy Dean ya ci wa Cardinals wasa 30 a 1934, mutanen gari na ji da shi. Da hannunsa ya samu matsala a 1937, sai Rickey ya sayar da shi ga Chicago Cubs a watan Afrilu na 1938 a kan dala 185,000 da 'yan wasa uku. Magoya baya suka yi ta tsine masa. Amma wasa 16 kacal Dean ya ƙara ci wa Cubs a duk zamansa can. Cardinals kuwa ta ci kofin World Series a 1926, 1931, 1934 da 1942.

Sai dai fa gonar nan ba aljanna ba ce ga yaran da ke cikinta. Dokar wancan zamani ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa, ba ya iya tafiya sai an sayar da shi ko an sake shi. Yaro mai hazaƙa zai iya tsufa a ƙaramar ƙungiya don kawai gurbinsa a sama akwai mutum, alhali wata ƙungiyar na buƙatarsa. Albashi kuma ba yabo ba fallasa, shi kuwa Rickey yana da kasonsa a cikin ribar da ake samu. Shugaban hukumar besbol, Kenesaw Mountain Landis, ya tsani tsarin, kuma a 1938 ya 'yanta fiye da 'yan wasa 70 daga hannun Cardinals. Idon Rickey ma ba kullum yake gani daidai ba. Wani yaro ɗan St. Louis, Yogi Berra, ya zo gwaji, aka ƙi ba shi dala 500 ɗin da aka ba abokinsa. Ya tafi New York Yankees, ya ci World Series sau goma.

Zaɓen Jackie Robinson

A ƙarshen 1942 Rickey ya koma Brooklyn Dodgers, kuma a nan ya yanke hukuncin da ya sa har yau ake ambatonsa. Tun shekarun 1880 manyan ƙungiyoyi suka daina ɗaukar baƙar fata. Ba a rubuta dokar ba, amma kowa na bin ta. Baƙaƙe suna da nasu gasannin daban, cike da gwanaye. Rickey ya baza masu farautar 'yan wasa, yana nuna kamar wata sabuwar ƙungiyar baƙaƙe zai kafa, don kada asiri ya tonu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yi zaɓen. Satchel Paige da Josh Gibson sun fi kowa suna a lokacin, amma ya tsallake su ya ɗauki Jackie Robinson na Kansas City Monarchs, mai shekara 26. Robinson ya yi jami'ar UCLA, ya yi wasa tare da fararen fata, ya riƙe muƙamin laftanal a soja, kuma an taɓa gurfanar da shi a kotun soja a 1944 don ya ƙi komawa bayan bas, aka wanke shi. Wato yana da zuciya. Tambayar ita ce ko zai iya danne ta. Ran 28 ga Agusta, 1945, suka zauna kusan awa uku a ofis a Brooklyn. Rickey ya riƙa kwaikwayon ma'aikacin otal mai wulaƙanci da abokin hamayya mai zagi, yana jifansa da munanan kalmomi don ya ga yadda zai yi. Sharaɗin shi ne, a shekarun farko ko an zage shi, ko an taka shi da gangan, ba zai rama ba, don faɗa ɗaya ya isa a ce gwajin ya rushe.

Bai jefa shi cikin wuta kai tsaye ba. Ya tura shi Montreal ta Kanada, inda wariya ba ta kai ta Amurka ba, kuma a 1946 Robinson ya fi kowa bugu a gasar. Da lokacin ɗaga shi ya yi, gurbinsa na tasha ta biyu akwai Eddie Stanky, sai aka sa shi ya koyi tsaron tasha ta farko cikin 'yan makonni. Wasu 'yan Dodgers suka fara tara sa hannu cewa ba za su yi wasa da shi ba, aka murƙushe yunƙurin, kuma Dixie Walker, wanda magoya baya ke ƙauna, an sayar da shi bayan kakar. Ran 15 ga Afrilu, 1947, Robinson ya fito fili. A shekarar aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa, a 1949 kuma gwarzon gasar baki ɗaya. Roy Campanella da Don Newcombe suka biyo baya.

Ban yarda a mai da Rickey waliyyi ba. Tausayi na ciki, amma lissafi ma na ciki: ga gwanaye birjik ba mai taya su. Kuma bai biya Monarchs ko sisi a kan Robinson ba. Cikin 'yan shekaru gasannin baƙaƙe, waɗanda suke ciyar da mutane da yawa, suka durƙushe.

Shekarun ƙarshe

A 1947 ya ɗauki Allan Roth aikin tattara alƙaluman wasa kawai, abin da ya zama baƙo a lokacin. Su biyun sun nuna cewa yawan isar mai bugu tasha, ko ta wace hanya, ya fi faɗin darajarsa fiye da yawan bugunsa kaɗai. Sai bayan shekara kusan hamsin sauran ƙungiyoyi suka rungumi wannan tunani sosai.

Rikici da abokin jarinsa Walter O'Malley ya sa ya sayar da kasonsa a 1950 ya koma Pittsburgh Pirates. A can abin bai yi daɗi ba. A 1952 sun ci wasa 42, aka doke su sau 112. Ya rage wa tauraronsu Ralph Kiner albashi, bisa hujjar cewa da shi ɗin ma na ƙarshe suka zo, sannan ya sayar da shi. Amma a watan Nuwamba na 1954 ya ɗauko wani matashi ɗan Puerto Rico, Roberto Clemente, daga gonar Dodgers a kan dala 4,000 kacal. Rickey ya bar kujerar a 1955 ana masa kallon wanda ya gaza. A 1960 Pirates ta ci World Series da Clemente da Dick Groat da Bill Mazeroski, duk shukar zamaninsa.

Abin da na tsinta a rayuwar mutumin nan shi ne, mai zaɓe na ƙwarai ba abin da ka riga ka yi kaɗai yake dubawa ba. Yana duba abin da za a iya koya maka, da halinka in an matsa maka, da ko za ka yarda a sauya maka gurbi kamar Musial da Robinson. Labarin Berra kuma ya isa ya kwantar wa duk wanda aka ƙi ɗauka hankali. Na yaran gona kuwa gargaɗi ne: wanda ya gano ka yana da nasa lissafin, don haka ka karanta takarda da kyau kafin ka sa hannu.

Ran 13 ga Nuwamba, 1965, Rickey yana tsaye yana jawabi a wani bikin karrama shi a garin Columbia na jihar Missouri, sai ya yanke jiki ya faɗi. Bai farfaɗo ba har ya rasu ran 9 ga Disamba, saura kwana goma sha ɗaya ya cika shekara 84. A 1967 aka sa sunansa a zauren gwarazan besbol. Yau babu babbar ƙungiyar besbol a Amurka da ba ta da gonarta, kuma tun 1997 aka jingine lamba 42 ta Robinson a dukkan ƙungiyoyin. Mai son ganin labarin da idonsa ya nemi fim ɗin 42 na shekarar 2013, inda Harrison Ford ya fito a matsayin Rickey.